Ranar Da Baba Ya Huta

Ba yabon kai ba, daga Badarawa zuwa Doka, kai har ka dangana da bakin kogi, babu mahalukin da ya san haske da inuwa kamar ni. In na saita kyamara a kan bunsuru, sai ka rantse babban sakatare ne yake jiran a kawo masa fayil. Na taɓa ɗaukar hoton tulin sharar bayan layinmu, wani ya gani ya tambaye ni wace ƙasa ce wannan, kuma suna ba da biza? Wannan baiwa ce, ba a aji na koye ta ba. Abin da na koya a aji shi ne aikin rajista, kuma shi nake yi shekara ashirin da ɗoriya a wata ma'aikata da ba sai na faɗi sunanta ba, inda fayil yake shigowa ofishina da ƙuruciyarsa, ya fita da furfura.

Kyamarar a Babbar Kasuwa na same ta, wajen wani mai kayan gwanjo da ya rantse mini cewa mai ita na farko sau biyu kawai ya danna ta ya tuba. Na haɗa ta da tsohuwar kwamfutata, wadda in ta ɗauki zafi takan yi gurnani kamar injin markaɗe, na sa manhajar gyaran hoto, shi ke nan duniya ta shiga uku. Babu suna, babu walima, babu taron ofis da ba za ka gan ni a tsugune ba, ido ɗaya a rufe, ina ce wa dattawa su matsa hagu.

Ana nan sai na gano baƙi da fari.

Jahilan wannan fanni suna zaton abin danna maɓalli ɗaya ne, kala ta zube, a tashi. Ni ma haka na fara, hotunana suka riƙa fitowa kamar an wanke su da ruwan toka. Daga baya na gane ashe a cikin manhajar kowane launi da nasa wurin. Akwai wasu 'yan layuka a jere, na ja, na ruwan goro, na rawaya, na kore, na shuɗi, kowanne da ɗan ƙulli a tsakiya da ake ja hagu ko dama. Ni kunnuwa nake kiransu, tun da ja ake yi. Ka ja kunnen shuɗi hagu, sararin sama ya yi duhu kamar hadarin Agusta. Ka ja kunnen kore dama, ganyen dalbejiya ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari. Fatar mutum kuwa, duk baƙinsa duk farinsa, tana hannun kunnen ruwan goro. Ranar da na gano wannan ban ci abincin rana ba. Na zauna ina duban mutanen ofis ɗaya bayan ɗaya, ina cewa a raina, kai da kake taƙama da haske, kunne ɗaya ya ishe ka.

Gwajin farko a kan uwargida na yi. Malamar firamare ce, ba ta da lokacin wasa, amma na same ta ranar wani biki ta sha atamfa mai jajayen furanni a kan kore, ga jan lalle ta zauna an zana mata tun daga yatsu har gwiwar hannu. Na ɗauke ta, na shiga ɗaki na yi aiki, na fito da kwamfuta a hannu kamar mai kawo sakamakon jarrabawa.

Ta duba, ta sake dubawa.

"Malam, ina atamfata?"

"Ga ta nan a jikinki."

"Wannan ai buhun siminti ne. Ina furannin?"

Gaskiya ne, furannin sun gudu. Ja da koren nauyinsu ɗaya, da aka zare musu kala sai suka zama 'yan uwa, toka ɗaya babu mai bambanta su. Na ce mata ta dakata, wannan ƙaramin abu ne. Na ja kunnen ja dama, furanni suka dawo farare tas, amma lallen ya bi su ya ɓace. Na ja kunnen ruwan goro don in gyara, sai ga uwargida ta yi fari fat kamar wadda aka haifa a cikin firji.

"To madalla," in ji ta. "Shekara nawa ina yi wa 'yan mata faɗa a kan shafe-shafe, yau mijina ya yi mini bilicin da hannunsa. Goge shi kafin malaman makarantarmu su gani."

Na ce mata ba ta san fasaha ba. Ta ce ta san kuɗin lalle. Muka bar maganar a nan.

Amma duk wannan share fage ne. Wanda nake hari tun farko shi ne mahaifinta, Baba, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya tun ina neman aiki, yana zaune a gidansa na Doka. Baba mutum ne na agogo. Ya yi zamanin da in ka makara minti biyar sai ka rubuta dalili, kuma har yau da wannan ma'aunin yake auna 'yan Adam. Ni kuwa Allah ya haɗa shi da surukin da ya iso wurin ɗaurin aurensa bayan an shafa fatiha. Tayar mota ce ta fashe, kowa ya sani, amma Baba bai taɓa karɓar bayanin ba. Bai taɓa zagina ba. In na durƙusa gaishe shi, sai ya amsa, ya ɗaga hannu ya dubi agogonsa, ya mai da hannun. Shi ke nan. Fankar falonsa da na yi alkawarin kawo mai gyara, damina biyu ta wuce tana tsaye, kuma duk zuwan da zan yi sai ya ɗaga kai ya dube ta, sannan ya dube ni, ya yi mini tayin mafici.

A falon nan akwai bango guda da ya cika da hotuna baƙi da fari, kowanne a firem ɗinsa. Baba da abokan aikinsa ne a zamanin da, wasu da kwat, wasu da babbar riga, kowa ya tsare gida kamar an ce wanda ya yi murmushi za a rage masa matsayi. Ba ya gajiya da kallonsu. Yakan ce, "Wannan shi ne hoto. Na yanzu rini ne." Tun ranar da na ji haka na ƙudurta a raina: sai hoton da na yi da hannuna ya hau bangon nan. In ya hau, to na shiga sahun mutane, ko da fanka ba ta juya ba. Sau ɗaya nake so in ji dattijon nan ya ce na yi abin kirki, ko da tari ne ya biyo bayan maganar.

Damar ta zo da Babbar Sallah. Baba bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, hawan jini ya kwantar da shi mako biyu, har hankalin 'yan uwa ya tashi, amma ya warware ya dawo yana yi wa masu gidan rediyo gyaran Hausa. Mun je gaisuwa washegarin Sallah, aka ci tuwo, aka ci soyayyen nama. Bayan la'asar sai na hango shi a tsakar gida, a kujerarsa ta katako ƙarƙashin mangwaro, shuɗiyar babbar riga, jar dara, carbi a hannu, ya jingina kai ya lumshe ido. Hasken yamma ya sauka a gemunsa. Na lallaɓa kamar mage, na danna sau ɗaya. Bai ma motsa ba.

Kwana uku na yi a kan hoton nan, kuma a ofis na yi su, don a nan ne ake da wuta da kwanciyar hankali. Fayiloli suka ga haka suka gyara kwanciya. Na ja kunnen shuɗi don bangon bayansa ya yi duhu, sai rigar ta bi shi ta zama baƙa ƙirin, na ga ai hakan ma ya fi kwarjini. Hular ce ta wahalar da ni: in na haska ta, fuskar ta kwashe, in na duhunta ta, sai ta haɗe da inuwar mangwaro, Baba ya zama kamar ba shi da ƙoƙon kai. Da ƙyar na raba su. Na ƙara wa gemun haske har ya riƙa sheƙi. Na zuba duhu a kusurwoyi huɗu don ido ya tafi kan fuska kai tsaye. Na yayyafa masa ɗan tsaki-tsaki irin na tsofaffin hotuna. Da na gama na ja da baya na duba. Fuska ce ta mutumin da ya gama da duniya lafiya, babu wanda yake bin sa ko gaisuwa.

Saura suna. Na ji an ce manyan masu hoto ba sa sakin aiki babu suna. Na rubuta "Baba yana hutawa", na ga ya yi tsawo, kamar rahoton nas. Fasaha tana son taƙaitawa. Na goge, na rubuta kalma uku a ƙasan hoton da fararen haruffa: "Baba ya huta."

Na so in kai a wanke shi a sa a firem tukuna, amma zumuɗi ya hana ni. Ranar Juma'a ce, wajen ƙarfe tara na safe. Na tura shi guruf ɗin dangin uwargida, wanda ya tara kowa tun daga Zariya har Kano da Katsina, na ce bari su fara yabawa, labari ya riga ni isa wurin Baba. Ina turawa aka leƙo aka ce Darakta yana kiran mitin. Darakta ba ya son jin ƙarar waya, don haka na kashe mata murya, na jefa ta a durowa, na tafi.

Mitin ɗin a kan yadda za a rage yawan mitin ne, saboda haka ya ɗauki awa uku.

Da na dawo na buɗe durowa, wayar ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu. Kiran da aka yi mini ya fi gashin tunkiya. Na yi murmushi, na ce yau gari ya san da ni. Ban kai ga buɗe saƙonni ba sai ga kiran ƙanin Baba, Kawu na Zariya, mutumin da bai taɓa kirana ba tun da aka ƙirƙiro waya.

"Salamu alaikum, Kawu, barka da Juma'a."

"Yauwa, ɗan nan. Ashe haka abu ya faru?"

"Wallahi kuwa, Kawu. Ka gani ke nan."

"Na gani. Kai ne a kansa?"

"Ni kaɗai. Kwana uku ina kansa, ban bari kowa ya sa hannu ba."

"Kwana uku, amma ba ku gaya wa kowa ba?"

"Ai so na yi sai na gama da shi tukuna, kowa ya gani lokaci ɗaya."

Na ji ƙarar mota a bayansa, da muryar mata.

"Ya sha wahala?"

"Shi? Ko motsi bai yi ba. Ni ne na sha wahala. Kan ne ya ba ni matsala, amma daga ƙarshe na raba shi da inuwa."

"Ɗan nan," in ji Kawu a hankali, "ka yi ta salati, ka ji? Kar ka tuƙa mota. Mun wuce Jaji tuni, mun kusa shigowa gari, a jira mu kafin a sallace shi."

Ya kashe. Na tsaya da waya a kunne, kalmar "sallace" tana zagaya ofis tana neman wurin zama. Sannan na buɗe guruf.

Hotona ne, amma ya yi 'ya'ya. Wani ya ɗora masa "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un" a sama. Wani ya ƙara "bayan gajeriyar rashin lafiya". Wani mai himma, da ban san wanda ya naɗa shi ba, ya sa lokacin jana'iza: bayan sallar Juma'a, a gidansa da ke Doka. Daga guruf ɗin dangi ya tsallaka na 'yan fansho, daga can ya faɗa na masallacin unguwa. An kira wayar Baba an ji ta a kashe, wanda ba abin mamaki ba ne, tun da kullum a kashe take cikin aljihun wata riga, amma yau sai aka ce ai dole. An kira tawa ba a ɗauka ba, aka ce yana wurin wanka. Mai shakka kuma aka ce masa daga hannun surukinsa labarin ya fito, ga hoto har an riga an cire masa kala. A garin nan ka taɓa ganin an cire wa mai rai kala?

Sai a lokacin na tuna bangon falo. Duk mutanen da ke jikinsa, in ka ɗebe Baba, babu wanda bai riga mu gidan gaskiya ba.

Ban tsaya neman izini ba. Na tari keke, na ce Doka, ko nawa ne. Wannan ce rana ta farko da na yi sauri zuwa gidan surukina, kuma duk da haka na tarar an riga ni. Motoci sun cika layi. Maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an jera butoci, wani har ya kawo ruwan leda buhu biyu. A tsakiyar wannan duka, a kan kujerarsa ta katako da ya sa aka fito da ita, ga Baba zaune da jarida a cinya, yana karɓar gaisuwar mutuwarsa.

Yadda abin ya kasance, in ji waɗanda suka gani, uwargida ce ta fara isowa. Shugabar makarantarsu ce ta kira ta gefe ta ce ta yi haƙuri. Ta iso babu takalmi ɗaya, ta faɗa tsakar gida da kuka, ta tarar da mahaifinta yana ɓare gyaɗa. Ya tambaye ta wa ya mutu. Ta ce shi. Ya ce ba a sanar da shi ba.

Daga nan ya hana a sanar da kowa komai. Ya ce tun da sun taso, a bar su su ƙaraso, yana so ya ga waɗanda za su zo. Aka ga abin kallo. Mutum ya sauko daga mota ya haɗe fuska, ya taho yana girgiza kai, ya ɗago ya yi ido huɗu da mamaci, sai ka ga ƙafa ta rikice, ba ta san gaba za ta yi ba ko baya. Wani da ko leƙe bai yi ba lokacin da Baba yake asibiti, ya tsaya daga bakin layi yana ba mutane labari da ƙarfi cewa shekaranjiya suka rabu, har marigayi ya riƙe hannunsa ya ba shi amanar iyali. Baba ya saurara har ya gama, sannan ya aika a ce masa marigayi yana son ganinsa, ya zo ya maimaita amanar don ya manta abin da ya ce. Mutumin bai ƙaraso ba, aka ce ya tuna ya bar mota a buɗe.

Wani tsoho kuma, abokin aikin Baba da suka yi shekaru ba sa magana saboda wata gardama da su kansu sun manta tushenta, ya iso da sanda yana hawaye na gaske. Da ya gan shi zaune sai ya tsaya, ya share ido da hannun riga, ya ce, "Kai dai ba ka taɓa yin abu yadda aka tsara ba." Baba ya sa aka kawo masa kujera kusa da shi. Da na ga haka sai na ji ɗan ƙarfi ya dawo mini, na fara shirya yadda zan ce ai fasaha ce ta sasanta su.

Uwargida ta tare ni a bakin zaure. Idonta ya kumbura, amma muryarta lafiya lau.

"Malam mai kunnuwa, sannu da aiki. Ni ka yi mini bilicin, ubana ka kashe shi. Saura wa?"

"Ki saurara, suna ne kawai na hoto..."

"Je ka gaya masa. Ga shi can, ya huta."

Na cire takalmi tun daga nesa. Mutane suka buɗa mini hanya kamar yadda ake buɗa wa wanda za a yi wa bulala. Kawu na Zariya, wanda ya iso da mota cike da mata da buhun shinkafar sadaka, ya bi ni da kallo yana motsa baki, ina jin har yanzu maganar raba kai da inuwa ce ba ta daina damunsa ba. Na durƙusa gaban Baba, na fara bayani. Na yi maganar haske, na yi maganar inuwa, na kawo tarihin hula, na ce "yana hutawa" ne ya yi tsawo. Ya bar ni na yi ta zuba har na ƙare da kaina.

Sannan ya miƙo hannu. "Mu ga abin."

Na buɗe masa na asali, wanda ba a ɗora wa salati ba, na miƙa wayar da hannu biyu. Ya sa tabarau. Ya nisanta ta, ya kusanto ta. Ya daɗe yana kallo, har tsohon abokinsa ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Ai kuwa ka fi kyau a nan." Na ga ya shafa gemunsa, kamar yana gwada shi da na cikin hoton. Zuciyata ta fara auna bangon falo, tana neman inda ƙusa za ta shiga, can tsakanin mai kwat da mai rawani.

Ya cire tabarau, ya miƙo mini wayar. Ya ɗaga hannu ya dubi agogonsa, kamar kullum.

"Hoto ya yi kyau," in ji Baba. "Ka adana shi, za a neme shi. Shekara ashirin da biyu ina kallonka, wannan ne aiki na farko da ka gama kafin lokacinsa."